Yadda rundunar helikwaftan sojan ruwa ke hana hannun matuƙi hucewa, mataki mataki

Wani ƙanena da ke son shiga sojan ruwa ne ya dame ni da tambaya, wai yaya, mutumin da ya riga ya gama makarantar tuƙi aka maƙala masa fukafukai a ƙirji, ya yi awa ɗari bakwai ko dubu a sama, ta yaya kuma wani zai zo ya ce masa yau ba za ka tashi ba? Na ce masa ai kullum ana yin haka kuma shi ne daidai. Ni ba matuƙi ba ne, na dai yi shekaru a ofishin tsara tashi na wata rundunar helikwafta ta sojan ruwan Amurka, aikina shigar da awanni da ƙirga ranaku, to tsarinsu shi na sani kuma shi zan bi da kai.

Abu uku ne mutane ke haɗawa alhali daban suke. Akwai cancanta, wato an koya maka an gwada ka an sa hannu a takarda. Akwai abin da su ke kira karensi, ni ɗumin hannu nake ce masa, wato yaushe rabonka da yin abin. Sannan akwai gwaninta ta gaske wadda takarda ba ta iya aunawa. Mai lasin mota da ya shekara biyu bai taɓa sitiyari ba lasinsa na nan da rai, amma ba za ka ba shi iyalinka ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja da daddare ba, toh ka ɗauki wannan ka mayar da shi kan teku, filin saukar kuma yana tafiya yana tangaɗi.

Mataki na farko, san wace takarda ce ke kan wace

A shekarun 1950 sojan ruwan Amurka sun taɓa asarar jirage 776 a shekara guda, sama da biyu kenan kullum, yawanci kuma ba a fagen yaƙi ba. Kowace runduna da yadda take tuƙi, kowane babba da nasa salon. Shi ya sa a 1961 aka kafa tsarin NATOPS don kowa ya riƙa yin abu iri ɗaya, har ma'aikatan na cewa da jini aka rubuta littafin, domin kusan kowane gargaɗi a ciki sai da wani ya mutu ko jirgi ya lalace aka ƙara shi.

A sama akwai babban kundi na kowa da kowa, CNAF M-3710.7, wanda da ake kira OPNAVINST 3710.7. Ƙarƙashinsa akwai littafin NATOPS na kowane irin jirgi, na helikwafta MH-60S daban na MH-60R daban. Akwai kuma na aiki a kan jirgin ruwa, kamar NAVAIR 00-80T-122 na ƙananan jiragen ruwa masu filin sauka. Sai SOP, wato takardar ƙa'idojin aiki, na uwar runduna, sai na ita rundunar kanta wanda kwamanda ke sa wa hannu. Dokar da za ka riƙe ita ce ta ƙasa tana iya ƙara tsauri amma ba ta isa ta sassauta ta sama ba. In babban kundi ya ce ajiye man minti 20, kwamandanku yana iya cewa a wurinsa sai fiye da haka, amma ba zai ce minti 10 ya isa ba.

Da ka iso runduna abin farko ka nemi SOP ka karanta shi daga bango zuwa bango, ka sa hannu ka karanta, sannan ka riƙa leƙa fayil ɗin sabbin sanarwa kafin kowane tashi don ana canza abubuwa. Ka kuma lura da kalmomi, akwai wadda ke nufin dole, akwai ta shawara, akwai ta in ka ga dama, haka gargaɗi ma hawa hawa ne, wani na nufin ana iya rasa rai wani kuma kaya ne za su lalace. Matakan gaggawa da aka yi wa alama kuwa haddace su ake yi kamar karatun allo, don in inji ya mutu kana ƙafa 70 daga ruwa babu lokacin buɗe littafi.

Mataki na biyu, takardun da ke mutuwa duk shekara

Kowane matuƙi yana da fayil nasa na NATOPS, ka buɗe shi ka rubuta ranar mutuwar kowace takarda a wuri ɗaya. Ta farko ta likita ce, gwajin lafiya duk shekara, kuma in ka yi rashin lafiya aka ba ka takardar dakatarwa to likitan matuƙa ne zai sake ba ka ta komawa, ba jin sauƙinka ba. Mura kaɗai tana iya zaunar da mutum a ƙasa saboda kunne da kuma magungunan da ke sa barci.

Ta biyu jarabawar NATOPS ce kuma kashi huɗu take. Akwai ta buɗe littafi, ana son maki 3.5 cikin 4.0, akwai ta rufe littafi ana son 3.3, sai ta baki, sai a tashi da kai ko a shiga simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙi a ƙasa, malami ya riƙa kashe maka abubuwa yana kallon me za ka yi. Wata 12 take yi ta mutu, babu ruwanta da girman muƙaminka, shi kansa kwamanda sai ya zauna ya rubuta.

Ta uku ta tuƙi da na'urori kaɗai ce, wato lokacin da ba ka ganin komai a waje sai agogunan gabanka. Kafin ranar gwajin ana so a ga awa 6 na irin wannan tuƙin a wata 6 da suka wuce da gangarowa sauka sau 12, shida masu nuna maka hanya da tsawo shida masu nuna hanya kawai, a wata 12 kuma awa 12 da gangarowa sau 18. A nan ne mutane ke makara, sai saura sati biyu ka ga mutum yana zarya ofis yana roƙon a sa shi a jadawali ya cike gurbi, alhali da yana yin guda biyu a ƙarshen kowane tashi da tuni ya wuce wurin.

Sai horon aiki tare a cikin jirgi, CRM, shi ma duk shekara, inda ake nanata abubuwa bakwai, ciki har da wanda na fi ganin muhimmancinsa, ƙaramin ma'aikaci ya iya buɗe baki ya ce wa babba ranka ya daɗe muna yin ƙasa. Mu da muka taso da kunyar manya wannan sai an koya mana shi da gangan. Na ƙarshe horon tsira a ruwa, ana sabunta shi duk shekara 4. Ana ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar helikwafta, a jefa shi cikin tafkin wanka ya kife da kai, ka jira ya tsaya, ka riƙe wuri ɗaya da hannu don kar ka ɓata, ka kwance bel ka fita ta taga, daga baya a sake da tabarau baƙi ƙirin a idonka. Dalili kuwa injuna da akwatin giyarsu duk a saman helikwafta suke, da ya faɗa ruwa kifewa yake yi. Akwai 'yar kwalbar iska da ake sawa a jikin riga, ita ma sai ka koyi shaƙarta kana kife.

Mataki na uku, awanni

Wannan mai sauƙi ne. Shekarar lissafi tana farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba, a cikinta ana son aƙalla awa 100, kada ya gaza 40 a kowane wata shida. Tashin dare awa 12 a shekara, 6 a wata shida, na na'urori ma haka. Amma dan Allah kar ka ɗauka wanda ya yi awa 100 cif ya ƙware, awa 100 a shekara bai kai awa biyu a sati ba, mafi ƙaranci ne kawai.

Mataki na huɗu, agogunan da ke gudu da sauri

Nan ne asalin aikin. Takardun shekara kowa na tuna su, waɗanda ke kama mutane su ne masu ƙirgen kwanaki, yaushe rabonka da tashi, yaushe rabonka da tashin dare, da tabarau na gani cikin duhu, da sauka a jirgin ruwa da rana, da sauka da dare, da tsayawa cak a saman ruwa da dare don ceto, da ɗaukar kaya a ƙugiya daga wannan jirgin ruwa zuwa wancan. Kowanne da adadinsa da kwanakinsa a littafin jirgin da SOP, kuma kowanne agogonsa daban yake gudu. Mutum yana iya zama da ɗumi a sauka da rana amma na darensa ya mutu shekaranjiya. Sauka a katon jirgi mai ɗaukar jirage ba ya maye gurbin sauka a ƙaramin jirgi mai gurbi ɗaya.

Ga dalilin da ya sa aka matsa a kan dare. A tudu ko babu wata akwai fitilar wani ƙauye, akwai bishiya, akwai abin da ido zai kama. A tsakiyar teku daren da babu wata sama da ruwa haɗewa suke yi su zama baƙi ɗaya, kunnenka na ciki sai ya fara yi maka ƙarya, ka ji kamar a miƙe kake alhali ka karkata, ko ka ji kana hawa alhali gangara kake. Tabarau ɗin dare yana taimakawa amma faɗin ganinsa kusan digiri 40 ne kawai, kamar mai leƙe ta bututu, dole ka riƙa juya kai ba tsayawa, kuma auna nisa da shi yana da wuya. Ga filin sauka can gaba ɗan mitsitsi yana hawa yana sauka yana karkata, ga garejin jirgin a tsaye gabanka 'yan ƙafafu kaɗan daga bakin farfela, ga iskar da ta bugi ginin jirgin ruwan ta murɗe ta faɗo kan dek, wato filin saukar. Akwai fitilar da ke nuna maka gangara, kore a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a ƙasa, in ka ga ja zalla ka yi ƙasa da yawa. Akwai kuma sanda mai haske da ke tsayawa a miƙe ko jirgin ruwan ya karkata, ita ce ke gaya maka ina ne daidai. Haɗa waɗannan duka a ido da hannu da ƙafa cikin daƙiƙoƙi shi ne abin da ke dushewa in an yi makonni ba a yi ba, ilimin yana nan a kai, hannun ne ke makara.

Mu ma wannan ya shafe mu. Sojan ruwan Najeriya suna da helikwaftoci irin su AW109 a sansaninsu na Ojo a Legas, suna da jiragen ruwa masu filin sauka kamar NNS Thunder da NNS Okpabana, kuma hazon da muke sha a Arewa a Disamba da Janairu yana kaiwa har Tekun Gini ya shafe layin da ya raba sama da ruwa da rana tsaka. Wanda duk ya tuna 15 ga Disamba 2012, ranar da helikwaftan sojan ruwa ya faɗi a Bayelsa muka rasa gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi da matuƙa biyu da wasu mutum biyu, ya san jiragen nan mutanenmu suke ɗauka.

Abin yi a aikace, ka buɗe shafi ɗaya, sunayen matuƙa a gefe, kowane agogo a sama, a kowane gida ka rubuta ranar da zai mutu ba ranar da aka yi ba. Su sojan ruwan Amurka suna da manhajar SHARP da ke lissafin, amma abin da aka shigar mata shi take sani. Duk safiya ka duba me zai mutu nan da kwana 14, domin dek ba ya samuwa ranar da kake so, sai an nemi jirgin ruwa an daidaita lokaci, ranar kuma teku na iya ƙi.

Mataki na biyar, rubuta jadawalin gobe

Kowane tashi dole akwai kwamandan jirgi, HAC suke ce masa. Kafin mutum ya kai nan sai ya yi aƙalla awa 500, 150 daga ciki a helikwafta, ya wuce matakin matuƙi na biyu, ya zauna gaban kwamitin manya su yi masa tambayoyi, sannan kwamandan runduna ya sa hannu. Kuma ba a bin girma, in laftanan ne HAC na wannan tashin to shi ke da alhakin jirgin ko da wanda ke gefensa ya fi shi igiya.

In kana haɗa mutane kar ka tsaya a kan kore da ja na takarda, wato wa agogonsa ke da rai wa nasa ya mutu. Sabon HAC da matuƙi na biyu da ya zo wata biyu da suka wuce, dukkansu kore ne, amma haɗa su a daren da babu wata zuwa ƙaramin dek ganganci ne, SOP da yawa ma sun hana irin wannan haɗin. Ka duba na baya su ma, ma'aikatan cikin jirgi da mai ninƙayar ceto suna da nasu agogon.

Sai hutu. Ana son mutum ya samu damar barcin awa 8 ba yankewa a kowace awa 24. Kada a tsara shi ya wuce awa 18 a farke yana aiki, in dole ta sa aka wuce to a ba shi hutun awa 15 a jere. Giya an hana cikin awa 12 kafin zaman shirin tashi, lura, kafin zaman ne ba kafin tashin ba. Jirgi mai matuƙa biyu kada mutum ya wuce awa 12 a sama a yini. Wanda ya sauka ƙarfe biyun dare ba ka isa ka sa shi taron bakwai na safe ba ko wane babba ne ya kira taron. In mutum yana azumi ko ya kwana da yaro mara lafiya ya faɗa, ba abin kunya ba ne, an fi son a sani tun a ƙasa.

Na taɓa yin kuskure a nan. Wani matuƙi na ƙirga masa sauka huɗu da ya yi gab da magariba a matsayin na dare, na sa shi a jadawali, kwamanda har ya sa hannu. Shi matuƙin ne da kansa ya shigo ofis da littafin awanninsa a hannu ya ajiye a gabana ya nuna lokacin da ɗan yatsa, ya ce duba, rana ba ta gama faɗuwa ba a lokacin. Ya san faɗin hakan zai sa a cire shi daga tafiyar da yake ta ɗoki, amma ya faɗa. Muka sake jadawali ƙarfe tara na dare, tun daga ranar lokacin faɗuwar rana na liƙe a jikin kwamfutata.

Mataki na shida, ranar tashi

Ana farawa da zaman bayani, duk ma'aikatan jirgin a zaune, a bi yanayi, hanya, mai, wa zai yi me in inji ya mutu, wa zai kira tsawo in an gangaro kusa da ruwa. Sai a cike takardar auna haɗari mai mataki biyar, gano haɗarin, auna girmansa, yanke shawara, sa matakan kariya, sa ido. In maki ya hau to ba HAC ne zai yanke shi kaɗai ba, sai an je wurin manya.

Daga nan HAC ya je wurin makanikai ya karanta littafin matsalolin jirgin na aƙalla tashi 10 da suka wuce, ya sa hannu ya karɓa, ya zagaya jirgin da idonsa. Mai kuwa dole bayan abin da tafiyar ke ci a bar rarar kashi 10 cikin 100, kuma kada rarar ta gaza ta minti 20. A teku ka ƙara tunanin cewa filin saukarka ba ya inda ka bar shi.

A dek kowa da launin rigarsa, mai ruwan ɗorawa shi ke ba da alama da hannu, masu shuɗi su ke sa weji da sarƙa, masu shunayya mai, masu ja kashe gobara da makamai. Kafin a fara sai an yi layi an tsince duk wani ƙusa ko tsumma daga dek don inji na iya zuƙe shi. Fitilar dek ja tana nufin babu sauka babu tashi, kore an yarda. Iska da tangaɗin jirgin ruwa sai sun shiga cikin iyakar da aka zana wa wannan jirgin da wannan helikwaftan, in ba su shiga ba kyaftin ya juya jirginsa har su shiga. In aka ba ka alamar fasa sauka to ka fasa, babu gardama, a ƙasa za a yi magana.

Kuma taɓa dek ba shi ne gamawa ba. A 22 ga Satumba 2013 a Bahar Maliya wani MH-60S ya sauka lafiya a kan USS William P. Lawrence, an sa masa weji da sarƙa, farfela na juyawa, jirgin ruwan yana gudu sosai ya karkata, igiyar ruwa ta hau dek ta bugi helikwaftan ya faɗa teku da matuƙansa biyu, duka suka rasu. Shi ya sa muddin farfela na juyawa ko mutane na kan dek, mai tuƙin jirgin ruwa ba ya juyawa sai sun yi magana da hasumiya.

Mataki na bakwai, in hannu ya riga ya huce

Zai faru, mutum ya tafi hutu ko kwas ko jinya ya dawo agoguna uku sun mutu. Ba laifi ba ne, laifin shi ne a tsallake tsani. Fara da takardar likita. Sai simuleta a maimaita matakan gaggawa. Sai tashin rana tare da HAC mai ɗumi ko malami. Sai a je filin tudu da aka zana wa siffar dek a yi ta sauka ana tashi. Daga nan dek na gaske da rana, sannan dare. In an daɗe sosai har ya wuce iyakar da littafin ya sa, to ba sabuntawa ba ce kuma, daga farko za a sake cancantar. Kwamanda na da ikon ɗaga ƙafa a wasu ƙa'idoji a rubuce in aiki ya matsa, amma in ka ga runduna kullum da takardar ɗaga ƙafa take tafiya to tsarinta na neman dek da awanni ne ya lalace, can ya kamata a gyara.

Bayan an sauka kuma kafin kowa ya tafi cin abinci a cike takardar tashi, awa nawa, nawa ne na dare, sauka nawa, a wane dek, gangarowa nawa, wa ke riƙe da sitiyari a kowace sauka, don saukar da abokinka ya yi kana kallo ba taka ba ce. A shigar da ita a daren, gobe da safe da ita za a rubuta jadawalin jibi.